Mai Rula da Darasi na Ɗaya

Jawo kujerarka nan kusa, ka kife wayar nan tukuna, in ba ka labarin Mai Rula.

Sunan ya samo asali ne daga wata rular ƙarfe da ba ta rabuwa da aljihun rigarsa. Shekara goma sha shida ke nan yana tsara shafukan intanet a wani ɗan ofis da ke saman shagon magani, teburinsa a gindin taga, fanka na ɗaga masa takardu. Kafin ya taɓa kwamfuta sai ya ja layi a takarda: nan hoto, nan rubutu, faɗi kaza, tsawo kaza. Tsohuwar manhajarsa kuwa ya san ta kamar matakalar ofishin, ko ido a rufe ba ya tuntuɓe.

Wata Litinin manaja ta ajiye wayarta a gabansa. Shafin wani asibitin yara ne, aikin hannunsa. A kwamfuta tsaf yake, amma a waya lambar kiran gaggawa ta zame can gefe, sai an ja da yatsa kafin a gan ta.

"Malam, iyaye a waya suke dubawa," in ji ta. "Mun koma sabuwar manhaja. Ka sake gina shi kafin ƙarshen wata. In bai yiwu ba, zan ba wani, kai kuma ka koma kan injin fotokwafi."

Ta tura masa darussan bidiyo talatin na 'yan koyo. Ya leƙa na ɗaya, wai yadda ake buɗe sabon shafi. Ya ja tsaki. Shi za a koya wa buɗe shafi? Ya tsallake zuwa na ashirin.

Kwana tara yana fama. Ya gyara hoto, rubutu ya hau kansa. Ya sauke rubutu, lamba ta ɓace. Da abin ya ishe shi, sai ya koma ga abin da ya sani: ya ari wayar manaja, ya aune fuskarta da rula, ya gina shafin daidai da ita. Shafin ya zauna cif.

Ranar Asabar ya je gidan ƙanwarsa, tela ce, 'ya'yanta huɗu amma har yau Auta yake ce mata. Ya buɗe mata shafin a wayarta don ta yaba. Wayar ƙarama ce. Lambar ta sake zamewa.

Auta ta yi dariya har ta cire ƙafa daga kan keke.

"Yaya, wayar wa ka auna?"

"Ta manaja. Ita ta ba da aikin."

"Iyayen yaran duk wayar manaja suke ara ke nan?" Ta ɗauko wani wando a kan tarin ɗinki, ta ja ƙugunsa, ta saki. "Wandon makaranta arba'in aka ba ni, ban ga yaro ko ɗaya ba. Gida-gida zan bi da tef? Roba nake sa wa." Ta harare shi ta saman tabarau. "Daga darasi na nawa ka fara?"

Ya sosa ƙeya. "Na ashirin."

"Girman kai dai, irin na Baba. Ni da na sayi keken lantarki, da furfurata aka zaunar da ni aka koya mini zura zare."

Litinin ya riga kowa zuwa ofis, da sabon littafin rubutu. Ya kunna darasi na ɗaya. Mai koyarwar na zuba kamar ana korarsa, sai ya rage wa bidiyon gudu, yana tsayarwa, yana gwadawa, yana rubutawa. A darasi na huɗu ya ci karo da robar Auta: ba a ba akwatin rubutu faɗi tsayayye, kaso ake ba shi, ya buɗe ko ya tsuke gwargwadon fuskar da ya samu. Abin da ya yi kwana tara yana nema, ashe a baya ya baro shi.

Kullum darasi biyu da safe, ɗaya a lokacin hutu. Ana saura kwana biyu wata ya ƙare, ya tara wayoyin ofis a tebur, har da ta mai shagon magani mai tsagaggen gilashi. Manaja ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Lambar tana sama, babba, a kowacce.

"Akwai shafuka shida suna jiranka," ta ce, ta ɗauki wayarta.

Rular tana nan a aljihu. Yanzu layi take ja masa a littafin darasi, ya kai na ashirin da uku. To kai da ka kife waya kana saurare, wane darasi na ɗaya ka raina ka tsallake?