Jarumin Kawu Tela a Bakin Gada

Kawu Tela, ƙato da furfurarsa, ko kunya babu, shagonsa cike da littattafan zane da jaruman roba, har riguna yake ɗinka musu. Littafin ƙarshe ne bai taɓa samu ba. Shekara ashirin jarumin littafin na reto a bakin gada da hannu ɗaya, shi kuma yana taka keken ɗinki yana mafarkin ceto shi.

Ran nan mai maɓallai ya ƙunso masa kaya a yagaggiyar takarda. Ashe shafin ƙarshen ne, ga jarumin ya fitar da fukafukai ya yi sama.

"Yaya, kai da wa kake dariya?" in ji ƙanwarsa.

"Bai faɗi ba," ya ce, ya jawo farin ƙyalle ya fara yanka fukafukai.