Iyakar da Na Adana a Kwamfuta

Ɗakin da ke kusa da zaure a gidana na Rano don baƙi aka gina shi, amma baƙo bai taɓa kwana a ciki ba, domin babu inda zai shimfiɗa tabarma. Kwamfutoci ne jibge a ciki, masu rai da matattu. Wata na saye ta a hannun wani da zai bar gari, wata abokin aiki ne ya ba ni don ta gagare shi, wata kuwa gangar jikin ce kawai, na ajiye ta saboda kusoshinta. Ni malamin firamare ne. Ba wanda ya koya mini wannan abu, kuma ba sana'a na ɗauke shi ba. Daɗi kawai nake ji in kwance na'ura, in hure mata datti, in ciro abu daga cikin wannan in dasa wa waccan, in zauna ina jira ta buɗe ido. In na taso daga makaranta na ci abinci, can nake shigewa har la'asar, in fito in yi salla in koma.

Maiɗakina ta daɗe da gajiya da ni. Da farko faɗa take yi, daga baya ta koma ba'a, sannan ta ƙyale ni. In an yi sallama ana nemana sai in jiyo ta tana cewa, "Yana asibitinsa, yana duba marasa lafiya." Da muka sa 'yar ƙaramar sola, ita fanka ta sa wa rai, ni kuwa na ja waya zuwa ɗakina kafin kowa ya ankara. Wata rana da bazara, yara suna kwance a inuwar katanga suna tsiyayar gumi, ta leƙo ta ce, "Malam, in ka gama shayar da su wutar, mu ma masu numfashi muna layi." Na ji kunya na zare wayar. Washegari na mayar da ita.

Mahaifina manomi ne a Fassi, cikin ƙasar Kibiya, kuma ni kaɗai ne ɗansa namiji. Gonarmu ba wata babba ba ce, amma a gefenta na gabas akwai wani ɗan kwari mai riƙe laima har bayan ruwa ya ɗauke. Nan ce gayaunar Inna, mahaifiyata. Tun ina goye take shuka kuɓewa da yakuwa da barkono a wurin. Daga nan take yanka kuɓewa ta shanya ta aiko mana cikin ƙullin leda, daga nan take samun abin da za ta riƙe a hannu in za ta shiga gidan suna ko gidan biki. Hatsin gona na Baba ne da gida baki ɗaya. Wannan ɗan kwari kuwa nata ne ita kaɗai, ba ta tambayar kowa a kansa.

A wajenmu ba a rubuta iyakar gona. Gamba ake dasawa a jere, a bar wata bishiya ta zama shaida, sannan a inda ake tsoron gardama maƙwabta biyu su binne dutse tare, su mayar da ƙasa. In ɗa ya girma, uba ya ɗauke shi bayan an kwashe amfani su taka iyakar da ƙafa, ya tsayar da shi a kan wurin ya ce nan ne. Ba a zuwa da mata, shi ya sa Inna ta san inda take shuka amma ba ta san inda dutsen yake ba.

Duk kaka sai Baba ya ce mini, "Yaushe za ka zo mu taka gonar nan?" Ni kuma ba na rasa abin faɗa. Yau jarrabawa, gobe babur ya lalace, jibi an kira mu taro. Gaskiyar magana, Asabar ce kaɗai ranar da nake samun yini guda a ɗakina, kuma na san tafiya da Baba. Ba zai wuce suri bai tsaya ya ba ka labarinsa ba. Ina tuna zafin ranar da zai dake ni a cikin karan dawa sai in ji duk jikina ya mutu.

Wata shekara ya zo Rano ganin likita saboda ƙafa, ya kwana biyu a wurinmu. A nan dabara ta faɗo mini, ina ganin ba wanda ya kai ni wayo. Na shimfiɗa masa darduma a zaure, na ɗauko laftof, ƙaramar kwamfutar da na fi ji da ita, na ajiye a gabansa, na ce, "Baba, faɗi iyakar gonar nan duka, zan ɗauki muryarka. In ta shiga nan, ta shiga ke nan."

Ya dubi abin ya dube ni, ya ce, "Ita ce za ta je gonar?"

Na yi dariya na ce ya dai fara. Ya fara kuwa, ya yi ta bayani. Ni hankalina ya rabu biyu, domin a gefe ina fama da wata na'urar da ta ƙi tashi. Bayan ya koma gida na zauna na zana taswirar gonar da launi, kore ga gamba, ruwan ƙasa ga hanya, shuɗi ga kwarin Inna. Na adana muryar da zanen a wuri uku, don ko ɗaya ta ƙone biyu suna nan. Na kira maiɗakina na nuna mata, ina jiran yabo. Ta kalla ta ce, "Ya yi kyau. Ka dai je." Na ji haushinta har na ƙi cin tuwo a kan lokaci.

Ban je ba. Kaka biyu suka wuce, a ta uku Baba ya kwanta kwana kaɗan, Allah ya karɓi abinsa. Tsohon da muke iyaka da shi ta gabas ya riga shi rasuwa. Ƙiryar da ke gefen nan tun da daɗewa iska ta kayar da ita, aka sassaƙa turmi aka ƙone kututturen. Gambar kuma wutar masu farautar gafiya ta cinye ta da rani, ba wanda ya sake dasawa, don gidanmu ana zaman makoki.

Inna ta fita takaba dab da faɗuwar ruwa. Ruwan shuka na sauka, ƙanwata ta kira ni a waya ta ce 'ya'yan maƙwabcin sun sa garmar shanu sun bi ta cikin gayaunar, sun haɗe kwarin da gonarsu. Ba mugayen mutane ba ne, tare muka tashi, tare muka yi kiwon awaki. Cewa suka yi mahaifinsu ya gaya musu aron wurin ya ba Baba saboda Inna, yanzu kuma tsofaffin sun tafi, suna son abinsu. Inna ta ce ita ba ta taɓa jin zancen aro ba. Mai unguwa ya sa Asabar da safe a haɗu a gonar.

Ranar Juma'a duk wutar solar a laftof na zuba ta, fanka ba ta juya ba. Allah na tuba, washegari a kan babur ina tafe ina jin daɗi. Ina cewa a raina yau za a san zaman da nake yi a ɗakin nan ba shiririta ba ne.

Na tarar da su a gindin ɗorawar bakin hanya: mai unguwa, liman, dattawa uku, da 'ya'yan maƙwabcin su biyu. Inna ta zauna can gefe a kan kunyar gona, ta rufa da mayafi. Bayan an gaisa an yi addu'a na buɗe na'ura. Hasken rana ya hana a ga komai, sai da na lulluɓa babbar rigata a kaina da kan mai unguwa, muka duƙa kamar masu turare. Ya daɗe yana kallon taswirar, sannan ya fito da kansa ya gyara hula.

Ya ce, "Malam, zane ya yi kyau. To ina dutsen yake?"

Na duba layin gabas. Miƙaƙƙe ne sambal, kuma a take na tuna cewa da ka kawai na ja shi. Amma ban karaya ba, na ce ai ga bakin Baba nan da kansa, kowa ya saurara. Na ƙure ƙara na danna.

Muryar ta fito da ɗan tarin nan nasa na farkon magana. Liman ya ce Allah ya jiƙansa, aka amsa. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Baba ya bi yamma, ya bi arewa, ya bi kudu, yana ambaton aduwa da tsohuwar rijiya da hanyar shanu, dattawa suna gyaɗa kai, ba wanda ya musa ko ɗaya. Ni kuwa ƙirjina ya cika. Sai ya zo gabas.

Ya ce, "Ta wajen gayaunar uwarka kuwa, nan ne abin lura. Akwai dutsen da muka binne ni da maƙwabcina, baƙi ne mai faɗi. Wannan ba ya faɗuwa da baki, don tun da ƙiryar ta faɗi babu abin kwatance a kusa. Sai ka zo da ƙafarka na tsayar da kai a kansa."

Sai ga wata murya, sama-sama, a gajiye, har ana jin ƙarar madannai a bayanta. Tawa ce. Ta ce, "Haba Baba, kullum sai ka zo, sai ka zo. Ni fa ina da abin yi. Ka kwatanta kawai, na'ura ba ta mantuwa."

Can Baba ya ce, "To. Allah ya yi maka albarka. Kashe ta haka nan." Naɗin ya ƙare a nan.

Wallahi ban san da wannan wurin ba. Na adana muryar a wuri uku, ina duba ta lokaci-lokaci in ga ko tana nan, amma ban taɓa zama na saurare ta har ƙarshe ba. Ba wanda ya dube ni, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Babban ɗan maƙwabcin, wanda muke gardamar da shi, shi ne ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke, kamar shi ya yi maganar.

Mai unguwa ya ce tun da akwai dutse a neme shi. Aka kawo fartanya da diga aka yi ta sara nan da can, ni ma na tuɓe riga na karɓa, hannuna ya yi bororo kafin a je ko'ina. Har aka kira azahar ba mu samu komai ba sai saiwoyi da fasasshen kasko. Dattawa suka koma gefe suka yi shawara, suka ce a raba wurin da ake gardama gida biyu a zauna lafiya. Da aka ja igiya, kwarin mai laima ya faɗa wa maƙwabta. Inna ta tashi da tudun yashi, inda kuɓewa ba ta kai wata guda take bushewa.

Aka nemo sabon dutse aka binne. Da aka mayar da ƙasa mai unguwa ya ce, "Malam, zo ka taka nan da ƙafarka." Na je na tsaya a kai, a gaban kowa, jakar kwamfuta rataye a kafaɗata.

A gida Inna ta dama mini fura ta ajiye, ta koma bakin ƙofar ɗakinta ta zauna. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe mini, ni na jawo." Ta ce, "Sha furarka, ƙasa ce, a cikinta za mu kwanta duka." Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma sake ɗaga zancen ba har yau. Sai da na miƙe zan tafi ta ce, "Abin nan yana da sauran wuta?" Na ce yana da. Ta ce, "Sake kunna mini muryar babanka in ji. Amma ka tsayar kafin wurin naka."

Yanzu kuɓewar miyarmu a kasuwa ake sayo ta. Ɗakin yana nan da tarkacensa, ina shiga jefi-jefi, amma sau da yawa zama kawai nake yi in fito, fanka kuma ta daɗe tana juyawa a ɗakin yara. Duk Asabar ɗin da na je Fassi da laftof nake zuwa. Inna ta shimfiɗa tabarma, in kunna, Baba ya yi tarinsa, ya bi yamma da arewa da kudu, tana saurare tana jan carbi. Na san yadda ake yanke murya daga naɗi, aikin minti biyar ne, na iya shi sarai. Ban yanke ba. Da ya ce "Sai ka zo da ƙafarka" nake ɗora yatsa a kan madanni in tsayar, ita kuma ta ce, "To, madalla," ta tashi ta ɗora tukunya.