Lomar Ladidi a Gaban Surukinta

Yayata Ladidi ta tsufa tana tuƙa tuwon biki a Tsiga, amma in ka samo namiji ɗaya da ya taɓa ganin tana tauna, kawo mini shi in ba shi goro. Ko gishirin miya za ta ɗanɗana, sai ta juya baya ta ɗiga a tafin hannu, kamar mai satar nama. Ni kam ban gaji wannan hali ba. In yunwa ta kama ni, ko a tsakiyar kasuwar Bakori zan zauna in ci rogona.

Tun da mijinta ya rasu, da muciya ta riƙe 'ya'yanta. Biki ko suna, daga Tsiga har Dayi, in ba a ga tukwanenta ba sai a ce masu hidimar ba su shirya ba. Daddawarta da kanta take yi, ba ta yarda da ta kowa, har tawa, ni da muka sha nono ɗaya.

Bara autarta Bushra ta haihu a Malesiya, inda mijinta Aƙilu yake karatun aikin gona, aka aiko Ladidi ta je jego. Rabin jakarta garin masara ne da kuka da daddawa, ga muciya a tsaye. Na ce mata, "Yaya, can ma fa suna da itace." Ta ce ita ba za ta tuƙa tuwo da sandan da ba ta san asalinsa ba.

Gidan ɗan ƙarami ne a saman bene, duk inda ta juya sai ta ci karo da suruki. Ba ta sa komai a baki sai ya tafi makaranta. Ran da ba karatu, bawan Allah sai ya sauka ƙasa ya yi ta zagaye ba dalili, don dai Inna ta samu ta karya. Shi ma ko ruwa ba ya sha a gabanta.

Da aka yi arba'in zama ya ishe ta. Sai ta lura duk Asabar Aƙilu yana fita da tsofaffin kaya. Bushra ta gaya mata gidan marayu yake zuwa, ya yi shara, ya yanke ciyawa, ya saya wa yaran shinkafa a roba. Nan Ladidi ta ɓata rai.

"Abincin roba ake kai wa marayu, ina garin?"

Asabar ta gaba har da ita da Bushra da jaririya. Abin da ya faru a can Bushra ce ta ba ni labari, don ita Ladidi har yau in na tayar da maganar sai ta ce in rufa mata baki.

Ta nemi murhu aka nuna mata gas, ta yi mitarta ta gama, ta ɗora tukunya. Da ta jefa daddawa, yaran da ke leƙe ta taga suka toshe hanci suka watse da dariya, can kuma suka dawo. Ita ba ta jin yarensu, su ba sa jin Hausa, amma kafin tuwo ya nuna ta sa manyan jera kwanuka, ƙananan kuma wanke hannu. Aka shimfiɗa tabarmi a baranda, aka zuba wa kowa malmala da miyar kuka. Ladidi ta ɗauki mayafinta za ta sulale bayan kicin kamar yadda ta saba.

Sai uwar gidan marayun, wata dattijuwa, ta riƙe mata hannu ta yi magana. Aƙilu ya fassara, idonsa a ƙasa.

"Inna, ta ce dokar gidan nan, wanda ya dafa shi zai zauna da yara ya fara kai loma. Ba za su taɓa ba sai kin ci."

"Ga Bushra nan, ta ci mana."

"Ta ce sai dai wadda ta dafa."

"To, Malam, ɗan ba mu wuri."

Aƙilu ya miƙe da sauri, don shi ma abin da yake so ke nan. Amma wasu ƙanana biyu suka riƙe masa wando suka fashe da kuka, sun ɗauka gida zai tafi. Dole ya koma ya zauna.

Ga tuwo yana hucewa. Ga yara sun naɗe ƙafa, hannu a wanke, kowa ya zuba wa bakinta ido, don ba su taɓa ganin koriyar miya mai yauƙi ba. Ladidi ta dubi yaran, ta dubi inda suruki yake. Can ta ce, "Allah ka gani." Ta zauna ta juya masa baya, ta fuskanci bango, ta ja mayafi, ta yi bismilla ta kai loma.

Ashe yaran sun ɗauka haka ake cin abincin. Gaba ɗaya suka juya suka fuskanci bango, har masu kukan, suka yi bismilla suka sa hannu. Bushra ta ce saura kaɗan ta yar da jaririya don dariya. Miya tana zarara, suna ɗaga hannu sama su ga inda za ta tsinke, masu toshe hancin nan su suka fara miƙo kwano a ƙara.

Ana cikin haka Ladidi ta saci kallon baya. Aƙilu yana can ƙarshen tabarma shi kaɗai, kowa ya ba shi baya, tuwonsa ko taɓawa bai yi ba. Tausayi ya kama ta. Ta san tun yana goye mahaifiyarsa ta rasu, a hannun baffansa ya tashi, sai a lokacin ta gane abin da ke kawo shi gidan nan duk Asabar.

Ta juyo. Yara ma suka juyo.

"Matso da kwanonka nan," in ji ta.

"A'a, Inna, na ƙoshi."

"Me ka ci da ka ƙoshi?" Ta gutsuri rabin malmalarta ta sa a kwanonsa, ta kai tata lomar baki tana kallonsa. "Waɗannan ba su da uwar da za ta ce musu su ci. Kai kana da ita. Ci."

Ya matso ya ci, kansa a sunkuye. Da yaran suka ga hawaye suka nuna idonsa suna tambaya, ya ce musu yaji ne, alhali ko ƙwayar barkono Ladidi ba ta sa a miyar ba.