Ranar da Tanti ta ce tana tsoro

Tanti, yayar mamata, ta sauka gidanmu na Largo, a nan ƙasar waje, da akwati ɗaya da takardar kotu. A gida ita ce shugabar matan jam'iyyar adawa ta unguwarsu. Ta jagoranci mata suka fita suna buga tukwane a ƙofar gwamna, jandarma suka kwashe su, ta yi wata uku a gidan kaso. Da aka ba da belinta ta zo nan ganin likita, sai aka yanke mata hukunci a bayan idonta. In ta koma, daga filin jirgi sai kaso.

Sai ta nemi mafakar siyasa. Lauyarta ta ce neman mafakar zai yi kyau, abu ɗaya ne kawai: a intabiyu dole ta faɗa da bakinta cewa tana tsoron komawa.

"Tsoro? Ni?" in ji Tanti. "Na zagi kwamishinan 'yan sanda yana riƙe da bindiga!"

Ni aka zaɓa in yi tafinta, don ni kaɗai ne ba ni da aikin yi a gidan. Na bar kwalej bayan zango ɗaya, mun rabu lafiya, ba wanda ya yi kewar wani. Kullum sai in sa kwat ɗin babana in zauna a falo in zama jami'in intabiyu, mu yi gwaji.

"Madam, kina tsoron komawa ƙasarki?"

"Su ne ke tsorona."

"Tanti, haka za su sa ki a jirgi har da lemo kyauta."

"Kai ja'iri, sake tambaya."

In sake, ta ce Allah kaɗai take tsoro. Mamata ta roƙe ta, ta yi fushi, ta daina soya mata ƙwai. Ko gezau.

Sai na yi dabara. Ai ni ne bakin Turancin. Ta faɗi abin da ta ga dama, ni kuma in juya shi yadda ya kamata. Na yi barcina hankali kwance.

Ranar intabiyu muka shiga wani ɗan ɗaki a Virginia. Jami'ar da za ta yi tambayoyin ta sa ni rantsuwa, na ɗaga hannu ina murmushi. Sai ta danna wayar kan tebur, ta ce akwai mai sauraro da zai tabbatar ina fassara daidai. Wayar ta ce, "Salamu alaikum, Hajiya, ina kwana?"

Dabarata ta rushe. Bahaushe tsantsa! Tanti kuwa ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta samu 'yan kallo.

"Wa alaikumus salam. Ɗan wane gari ne?"

"Hajiya, an hana ni faɗa."

Aka yi ta tambayoyi. Labarin tukwane ta ba da shi har da kiɗa a kan tebur. Da aka zo kan kaso muryarta ta sauka. Ta ce su da yawa a ɗaki ɗaya, ana kwana bi da bi. Ta ce ƙawarta mai ciwon suga ta roƙi magani kwana huɗu, a na biyar aka fito da ita a tabarma. Ban taɓa jin wannan a falo ba. Na fassara, Turancina yana tuntuɓe.

Jami'ar ta ce, "Kina tsoron komawa?"

Tanti ta dube ni, ta dubi wayar.

"Gaya mata ina tsoro. Sosai."

Na faɗa da sauri kafin ta janye.

Sai ta sunkuya kan wayar. "Kai kuma na ciki. Na san irinku, ba ku wuce unguwar Lanham ko Takoma Park ba. In na ji wannan magana a gidan suna, muryarka na riƙe ta."

"Hajiya, wallahi ban ji komai ba."

Jami'ar ta ce me ake cewa, don doka ce a fassara komai. Na ce, "Madam, tana yi wa wayarki barazana." Na cikin waya ya tabbatar da cewa fassarar daidai ce.

Bayan makonni takarda ta fito, an ba ta mafaka. Mamata ta tambaye ta yadda aka yi ta faɗa, Tanti ta nuna ni da cokali ta ce ita ba ta ce komai ba, yaron nan ne bai iya Turanci ba.