Dutsen da Ya Kashe Lambun Toryalai

Duk garin babu wanda bai san Toryalai mai rumman ba, kuma babu wanda ya taɓa jin ya saɓa magana. Yana saurayi ya gaji wani fako mai duwatsu a gindin tsauni, gadon da 'yan'uwansa suka yi ta yi wa dariya. Da jaki ya riƙa ɗebo ƙasa daga bakin rafi yana zubawa, har fakon ya zama lambu. A cikinsa ya yi furfura. Rumman ɗinsa kuwa, sai da hannu biyu ake ɗaukar guda.

To, sai aka zaɓi Darya Khan shugaban ƙaramar hukuma. Har da ƙuri'ar Toryalai, Allah Ya yafe masa. Shekara ba ta zagayo ba sai ga motar haƙa ta hukuma, wai ta zo gyaran magudanar ruwa. Gyaran banza! Tana tafiya ruwa ya juya ya nufi gonar masarar surukin shugaban, lambun Toryalai ko ɗigo.

Toryalai ya saɓa shebur zai fasa datsiyar, 'ya'yan surukin suka fito da bindigogi, dangin Toryalai su ma suka fito da nasu. Kafin a zubar da jini dattawa suka kira jirga, wato taron sulhu, a zauren gari. Darya Khan ya zo da farin rawani, ya kurɓi koren shayi, ya yi murmushi.

"Baffa Toryalai, ai kai uba ne. A ajiye dutse, zukata su huce. In an cire masara sai a yi hukunci."

"Ranka ya daɗe, itace bai san sulhu ba. Ƙishirwa ya sani."

"Au! Dutsen dattawa za ka ƙi?"

Nan munafukin ya kama shi. In dattawa suka ajiye dutse tsakanin masu rigima, komai ya tsaya yadda yake, ba mai taɓa ko tsinke sai ranar da aka yanka. Wanda ya karya, ba a ƙara zama da shi, ba a neman 'yarsa, ba a bin gawarsa. Yadda abin yake kuwa, ruwa yana gonar suruki. Toryalai ya ɗora hannu a kan dutsen.

Zafi ya kankama. Ganye ya yi rawaya, 'ya'yan rumman suka fara tsagewa suna zuba ƙasa tun ba su nuna ba. Matarsa Bakhtawara ta kasa haƙuri.

"Malam, datsiyar nan fa ƙasa ce, ba ƙarfe ba. Wa zai gan ka?"

"Ni zan ga kaina."

"To zauna! In sanyi ya zo sai mu dangwali mutuncin naka da gurasa."

Toryalai ya koma jidar ruwa a tulu daga rijiyar masallaci, shi da jakinsa, tsoho da tsoho. Ina tulu, ina lambu? Shi kuwa shugaba in ya zo wucewa sai ya sauke gilashin mota ya ɗaga hannu: "Baffa, ya haƙuri?" Wallahi da zagi ne da ya fi sauƙin haɗiyewa.

Da masarar suruki ta shiga buhu, jirga ta zauna. Darya Khan ne ya fara miƙewa.

"Jama'a, gaskiya ɗaya ce. Ruwan Baffa ne, a mayar masa."

Dattawa suka shafa gemu suna yaba adalcinsa. Kai, duniya! Aka ɗauke dutse, motar hukuma ta dawo ta fasa datsiya, har da mai ɗaukar hoto.

Ruwa ya shigo lambun a guje, ya tarar da Toryalai riƙe da gatari yana saran busassun itatuwansa. Yana cikin sara, direban shugaban ya leƙo ta kan katanga.

"Baffa, sannu da aiki. Shugaba ya ce in icen ya yi maka yawa, a kai ofis. Sanyi ya kusa."