Ranar da Na Ce Na Iya Tuƙin Dutse

Har gobe ranar nan ba ta bar zuciyata ba, ranar da maigidana ya kira ni majalisinsa, wato ɗakin karɓar baƙinsa, bayan la'asar ya shimfiɗa mini taswira a kan darduma. Shekarata ta uku ke nan a Doha ina tuƙa iyalin wani Balarabe a Mesaimeer. Shi ne kafil ɗina, wato wanda bizata take hannunsa. Idan ya ce khalas, wato shi ke nan, zamana a ƙasar ya ƙare. A lokacin inda sabon birnin Lusail yake yanzu fili ne da turakun masu awo, kuma ba mu da taswira a waya.

Ya ce idan yara suka samu hutun tsakiyar shekara, cikin sanyi, za mu tafi Saudiyya a mota, zuwa babban gandun dajin gwamnati da ke kan duwatsun Asir. Ni zan tsara tafiyar, ni zan tuƙa. Sai ya ɗago ya tambaye ni ko na taɓa tuƙi a kan dutse.

Na ce na taɓa.

Ni ɗan Haɗeja ne, ƙasarmu shimfiɗe take kamar faifai. Amma an raine mu a kan cewa ba a duban idon babba a ce masa ba a iya ba. Ga kuma tsoron kada ya nemo wani direba. Akwai dalili na uku, wanda sai yanzu nake iya faɗa. A jikin taswirar akwai hoton dutse sanye da gajimare kamar amarya cikin mayafi, ni kuwa na tashi da karatun littattafan soyayya na kasuwa. Nan take na hango kaina a can ƙololuwa ina tsinko wa Maryam fure, matata da na baro a gida wata huɗu da aure. Tun kafin magariba na rubuta mata wasiƙa na yi mata alkawarinsa.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, fita da motar gida daga ƙasar nan sai da shiri. Ana nemar wa direba bizar rakiya, kafil ya sa hannu a takardar izinin fita, a tanadi takardun mota da inshorar da za a nuna a iyakar Abu Samra. Duk na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na kai mota gareji aka duba taya da mai da ruwa. Na je tsofaffin shagunan Mushairib na sayo barguna da manyan fulas. Na rubuta tsarin tafiya a takarda: kwana ɗaya a Riyadh, kashegari mu isa Abha, birnin da ke kan duwatsun, rana ta huɗu mu kalli faɗuwar rana daga saman dutse, sannan mu gangara ƙasar Tihama inda ake samun ɗumi. Wannan layin na ƙarshe har ja masa layi na yi, don ya fi min daɗi.

Amma kullum na ɗauko yaran daga makaranta, su huɗu, na gan su ta madubi suna faɗa a kan kujerar taga, sai in tuna ƙaryar da na yi. Abinci ya daina shiga. Saura kwana tara na kai wa Baba Hamidu takardar bayan sallar Juma'a.

Baba Hamidu mutumin Gembu ne. Ya shekara goma sha yana hawa tsaunin Mambila da babbar mota kafin ya zo nan yana jan bas ɗin ma'aikata. Ya karanta takardar sau biyu, ya tsaya a layin da na ja.

"Ɗan Haɗeja, tudun da ya fi tsayi da ka taɓa hawa ba gadar kogi ba ce?"

Na yi dariyar yaƙe. Bai taya ni ba. Ya ce faɗuwar rana a kan dutse cikin sanyi ita ce lokacin saukar hazo, wanda ko bonet ɗinka ba za ka gani ba. Sai ya sa na buɗe motar, ya nuna sandar giyar mota, ya tambaye ni amfanin alamomin nan biyu da ke ƙasan wadda nake tafiya da ita kullum. Shekara uku ina cikin motar nan, hannuna bai taɓa kaiwa can ba. Ya ce to da me zan sauko. Na ce da birki.

Sai ya bayyana min cewa idan mutum ya danne birki a doguwar gangara, ƙarfen yana yin zafi har ya daina kamawa. Za ka taka, ƙafarka ta nutse, mota ta ci gaba da gudunta. Injin ne ke riƙe mota a ƙaramar giya, birki taimako kawai yake yi. Yana magana, ni fuskokin yaran nake gani.

Doha ba ta da tudu. Abin da muka samu shi ne wurin ajiye motoci mai hawa biyar na wata babbar kasuwar zamani. Ranar Asabar da hantsi muka hau sama muka sauko, muka sake hawa, har mai gadin wurin ya fara bin mu da ido. Na ji yadda injin ke gurnani yana riƙe motar ba tare da na taka komai ba. Hankalina ya fara kwanciya, na ce ai na kama.

"Wannan minti biyu ne," in ji Baba Hamidu. "Can kusan awa guda za ka yi, ga rami a gefenka. Giya na koya maka. Dutse kuwa ba zan iya koya maka shi a Doha ba. Je ka gaya wa maigidanka."

Na ce zai kore ni. Ya ce mai yiwuwa ne, amma wanda aka kora yana komawa gida da ƙafafunsa.

Kwana biyu ina zagaya ƙofar majalisin. A rana ta uku na cire takalmi na shiga, na zauna nesa. Da guntun Larabcina na ce masa amsar da na ba shi ba gaskiya ba ce, ban taɓa tuƙin dutse ba. Ya ajiye kofin gahawa. Ni kuwa har na fara tunanin yadda zan shiga gida da jaka ɗaya, da abin da zan ce wa Maryam.

Ya karɓi takardar tsarin, ya ɗauki biro ya soke layin faɗuwar rana, ya mayar da saukowar ƙarfe goma na safe. Ya ce shi tun yana saurayi yake bin hanyar, shi zai sauko da mu, ni in zauna gefensa in kalla.

"Da a kan dutse ka faɗa min, daga can sai filin jirgi. Amma a Doha ka faɗa. Yalla, je ka duba taya."

Mun je. Ko da hantsin ma hazo ya tare mu sau biyu a kwanar hanya. A tsakiyar gangarar muka wuce wata mota a gefen hanya, hayaƙi na fita daga tayoyinta, iyali suna tsaye cikin barguna. Fure kuwa ban samu ba, sanyi ya hana furanni fitowa. Wani ɗan reshe mai ƙamshi na karyo na sa a wasiƙa. Maryam ta ce ya iso a bushe, amma yana nan a akwatinta.

Yau ni ke karɓar sababbin direbobi a wurin da nake aiki. Na lura ba wanda bai iya ba ne ke jefa mutane a haɗari, wanda kunya ta hana shi faɗa ne, kuma mu 'yan arewa mun fi kowa wannan ciwon. Shi ya sa ba na tambayar sabon direba abin da ya iya. Nakan ce ya faɗa min hanyar da bai taɓa bi ba. Wanda ya ce babu, ba na ba shi makulli ranar.