Hoton Rabi a Gindin Darbejiya

Ana idar da sallar asuba muka bar Gwandu, ni da tsohuwata uwargida da rabin buhun albasa, kuma cikinmu uku albasar ce kaɗai ba ta yi mita a hanya ba. Kalgo muka nufa, gidan ɗiyata. Mijinta yana aiki can Kudu, shekara ta zagayo bai ga 'ya'yansa ba, ya roƙa a tura masa hotonsu mai kyau. Na bugi ƙirji na ce a bar mini.

Ku da kuke bin shafina kun sani, aji uku na tsaya, shi ma bulala ce ta sallame ni. Amma tun da maƙwabcina mai ɗaukar hoto ya nuna mini gyara a waya, na zama gwani a idon kaina. Turancin da ke wurin ba ya karantuwa gare ni, alamomi nake bi. Mai kama da rana tana ƙara haske, mai rabi fari rabi baƙi tana sa fari ya ƙara fari baƙi ya ƙara baƙi, ta uku kuma tana korar inuwa. Babu akuyar unguwarmu da ban gyara ba.

Direba ya cusa mu huɗu a baya kamar goro a huhu. A Dalijan aka ƙara wani bawan Allah da zakara, zakaran ya yi ta kallona har Birnin Kebbi. Kuɗin mota ya sake tashi, wainar tasha kuma ta rame, cikin tafin hannu uku za su zauna ba matsi. Muka canza mota, kafin rana ta take muna Kalgo.

Jikokina biyu suka tarbe mu. Asma'u, babbar, fara ce, ta ɗauko dangin ubanta. Rabi mai shekara bakwai kuwa ni ta biyo, baƙa wuluk. Tun tana zanen goyo nake kiranta Gindin Tukunya, ita kuma da ta yi baki ta raɗa mini Tsoho Mai Haƙori Huɗu. Wasan kaka da jika ne, kowa ya sani.

Ko ruwa ban gama sha ba na sa aka yi musu kwalliya, na tsayar da su gindin darbejiya, rana tana tsaka. Na ɗauka, na duba. Hasken da ya ratso ganye ya sauka kan Asma'u, Rabi kuwa inuwa ta haɗiye ta, sai idanu da haƙora. Na ja alamar inuwa har ƙarshe, na ƙara da ta rana, na rage mai rabi fari rabi baƙi. Fuskar yarinya ta koma kalar fura.

Na ce, "Zo ki gani, Gindin Tukunya, yau na kankare ki!"

Matan gida suka kwashe da dariya. Na gyara zama ina jiran ta rama. Ba ta rama ba. Ta riƙe wayar hannu biyu ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Kaka, wanga za ka aika ma Baba?"

Na ce haba, wasa nake, yanzu zan mayar.

"A'a, bar shi hakanan. Wanga ya fi kyau." Ta ɗago ta dube ni. "Kaka, ba a iya yi ma mutum hakanan a jiki?"

Dariyar matan ta tsaya cak. Ɗiyata ta yafito ni bayan rumbu, ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ka yi mini afuwa. Kwanan baya na kama ta tana dirzar fuska da toka. Sunan nan ya bi ta makaranta, kuma kowa ya san bakin da ya fito."

Na koma na zauna kan tabarma. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, irin kifin Kalgo da nake mafarkinsa tun daga gida, loma biyu na yi na wanke hannu. Tsohuwata ta ce, "Ci mana, gwani."

Bayan la'asar na kira maƙwabcin nan nawa a ɓoye. Ya ce laifin ba na fuskar yarinya ba ne, nawa ne: wa ke ɗaukar yara da tsakar rana ƙarƙashin itace? Ya ce in tsayar da su inuwar katanga su fuskanci fili, inuwar hoton kuma in taɓa ta kaɗan, kamar gishirin miya. Haka na yi. Sai ga Rabi ta fito ita kanta, fata sumul, kumatu suna sheƙi, ga wushiryarta. Shi na tura wa ubanta.

Na durƙusa da wannan gwiwa tawa mai ƙara na ba ta haƙuri, na ce ta dubi kyan da Allah Ya yi mata. Ta duba. Ta ce ta yafe. Amma da safe da suka rako mu bakin titi, ta ja mini riga ta raɗa, "Kaka, ka aje mini farin, kada ka goge."

Kafin mu fita Kalgo na goge shi. Har Gwandu ban yi wa kowa tsiya ba, direba ma sai da ya tambayi tsohuwata ko lafiya nake. Mun iso gida da azahar, na tarar da saƙon muryar uban, yana ta sa albarka yana cewa ga Rabinsa ta zama budurwa. Na tura wa uwarta ta kunna mata. Ko ta yarda da shi, Allah Ya sani.

Abin da na koyo a wannan tafiya: kada a ɗauki yaro da tsakar rana gindin itace, kada a ja alamar inuwa har ƙarshe. Sunan nan kuma na bar shi har abada, wanda ya sake ji a bakina ya finciki gemuna, na yafe masa. Shekara bakwai ina faɗa wa yarinya magana guda tana dariya, ashe ajiyewa take yi.